Tanki ɗaya ba ya isa: me ke sa masu kiwon kifin ado yawan ƙara tankuna?

Duk wanda ya yi hulɗa da masu kiwon kifin ado, wato masu ajiye kifaye masu launi a tankin gilashi cikin gida don sha'awa, zai lura cewa da wuya mutum ya daɗe a harkar yana riƙe da tanki ɗaya. Akan fara da ɗan tanki mai lita 60 a falo. Kafin a ankara an kafa na biyu a ɗakin kwana, na uku a gefen teburin karatu, daga nan sai a kira mai walda ya haɗa kantar ƙarfe mai hawa uku. A Jamus da Ingila da Amurka da Jafan, inda wannan sha'awa ta yi jijiya, akwai waɗanda suka ware ɗaki sukutum, galibi garejin mota ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suka jera tankuna gommai. Su kansu masu harkar sun san halinsu, har suna kiran abin da ciwon yawan tankuna, kuma sukan gargaɗi sabon shiga cewa shi ma zai kama shi.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka almubazzaranci ne kawai, ko rashin godiyar Allah. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Wani ɓangare na ƙarin tankunan kifin ne da kansa ke tilasta shi, wani ɓangaren kuma zuciyar mai kiwon ce ke ƙago shi, kuma sau da yawa mutum kan kasa bambance wanne ne ke tura shi. A wajen wannan bambancin ne lafiyar kifi ko wahalarsa take.

Tushen maganar shi ne, tanki ruwa ɗaya ne. Ɗuminsa ɗaya, tsaminsa ɗaya, yawan ma'adinan da ke narke a cikinsa ɗaya. Kifayen duniya kuwa daga ruwaye mabambanta suka fito, kuma jikin kowanne ya saba da nasa. Tafkin Malawi ruwansa yana ɗauke da ma'adinai, yana karkata wajen kanwa, ma'aunin tsaminsa yana kaiwa 8 ko sama da haka (a wannan ma'auni 7 ne tsakiya, sama da shi kanwa, ƙasa da shi tsami), kuma a cikinsa ne ake samun ɗaruruwan nau'o'in kifaye dangin karfasa masu launin shuɗi da rawaya da ke zaune a tsakanin duwatsu. Kogin Negiro na ƙasar Burazil akasin haka ne: ruwansa ja-ja baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara saboda ruɓaɓɓen ganye, ma'adinai kaɗan, ma'aunin tsaminsa kan sauka ƙasa da 5 a wurare da yawa. Daga can ne ake kamo ƙananan kifayen nan masu layin shuɗi da ja masu sheƙi, musamman a yankin garin Barselos. Wanda ya ga waɗannan ya so su, ya ga waɗancan ma ya so su, ba shi da dabarar da zai haɗa su a gilashi ɗaya kowa ya ji daɗi. In ya daidaita ruwan don ɗaya, ɗayan zai rayu a takure.

Haka zancen ɗumi. Kifin zinariya, wanda Sinawa suka fara tsintar launukansa suna hayayyafa shi tun zamanin daular Song (960 zuwa 1279), ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, wajen digiri 20. Kifin diskus na yankin Amazon yana son digiri 28 zuwa 30. Hita ɗaya ba za ta ba da biyun ba.

Sai hali. Namijin kifin beta na ƙasar Tailan ba ya zama da ɗan'uwansa namiji, faɗa za su yi har ɗaya ya yayyage. Kuma ba sai an je nesa ba, domin wasu daga cikin kifayen da Turawa ke kafa wa tanki na musamman daga ruwayenmu suke. Minjirya tana da masu sha'awarta a Turai, amma ita kaɗai ake ajiye ta saboda girgizar da take saki. Talibambam na kogin Neja da tafkin Chadi yana da haƙora masu fasa dodon koɗi, kuma duk kifin da aka sa masa a matsayin maƙwabci yana cikin haɗari. Akwai wani ɗan kifi mai ɗigo-ɗigon ja a jiki mai shuɗi-kore da ake kira gardneri, wanda ke zaune a rafukan Najeriya da Kamaru. Masu kiwonsa a ƙasashen waje suna laƙaba wa kowane iri sunan wurin da aka kamo kakanninsa: na Makurɗi, na Lafiya, na tsaunin Jos, na Misaje. Ƙa'idarsu ita ce ba a cakuɗa na wannan gari da na wancan, don kada zubin launin kowanne ya ɓace. Mutumin da ya riƙe iri huɗu ke nan ya wajabta wa kansa tanki huɗu, ban da na 'ya'yansu. Abin yana burge ni matuƙa, a ce wani a can Jamus yana kiyaye jinin kifin wani rafi na kusa da Lafiya tsawon shekaru, alhali mu da ke tsallake rafin ba mu ma san da shi ba.

Akwai tankin da ni a ganina wajibi ne a kan duk mai kiwo, shi ne na killace sabon kifi. Kifin da aka sayo daga shago ya ratsa hannaye da yawa, ya kwana cikin leda, ya gauraya da wasu daga ƙasashe daban-daban. Zai iya zuwa da cuta ba tare da alama ba. Wadda ta fi addabar mutane ita ce cutar farin ɗigo. Da farko za ka ga kifi yana goga jikinsa a dutse, yana matse fiffikensa. Kwana biyu sai ka ga ɗigo fari ƙanana a jikinsa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kowane ɗigo wata 'yar halitta ce da ta shige ƙarƙashin fata tana ci. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta rarrabu zuwa ɗaruruwa, su bazu cikin ruwa suna neman kifin da za su maƙale wa. Cikin mako guda tanki gaba ɗaya ya kamu. Wasu magungunan kuma, musamman masu sinadarin tagulla, suna kashe jatan lande da dodon koɗin da aka sa don ado da share gansakuka. Shi ya sa masu gogewa ke ajiye sabon kifi shi kaɗai na mako biyu zuwa huɗu a wani ɗan tanki maras ƙawa, su zuba masa ido, kafin su haɗa shi da sauran. Yawanci sai bayan mutum ya yi asarar kifayen da ya shekara yana reno yake sayen wannan tanki.

Haihuwa ma tana kawo nata. Kifin gufi, wanda kusan kowane sabon shiga ke farawa da shi, ba ƙwai yake sakawa ba, 'ya'ya yake haifa rayayyu. Macen kan haihu kusan duk wata, sau da yawa 20 zuwa 50 a lokaci guda, kuma tana iya ajiye irin namiji a jikinta ta yi haihuwa da dama ko da an raba ta da shi. Matsalar ita ce manyan, har da uwar, suna haɗiye jariran. Wanda ya tashi da safe ya ga 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu manyan idanu suna ɓuya a tsakanin ganye, ya kuma ga manya na farautarsu, da ƙyar zai iya naɗe hannu. Zai nemo roba ko wani ƙaramin tanki. Bayan wata biyu zuwa uku su ma sun isa haihuwa, sai a raba maza da mata: tanki biyu ke nan. Kifin kiribensis na kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru nasa salon daban ne. Idan lokaci ya yi, cikin macen yakan rine ya yi ja jawur, ta riƙa lanƙwasa jiki a gaban namiji, su zaɓi wani kogo ko fasasshiyar tukunya su saka ƙwai. Ranar da suka fito da 'ya'yansu, uwa na gaba uba na gadi, duk sauran kifayen tankin sai su koma lungu guda a takure, domin wanda ya matso zai sha cizo. Ko dai a kwashe ma'auratan, ko a kwashe maƙwabtan.

Sannan girma. Kifin oska ana sayar da shi bai wuce tsawon yatsa ba, amma yana kai santimita 30 ko fiye. Kifin nan mai tsotsar gilashi da ake sayar wa mutane da sunan mai shara, wasu nau'o'insa kan haura santimita 40. Dole a sayi babban tanki. Tsohon fa? Ga shi nan a gefe, da matatarsa da fitilarsa, ba abin da ya same shi. Tanki babu ruwa ba ya daɗewa a gidan mai kiwon kifi.

Wannan ya kawo mu ga wani dalili da ba a cika lura da shi ba: tanki na biyu ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne a gare shi. A sabon tanki babu abin da zai kawar da shi sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun yaɗu a cikin soson matata da jikin tsakuwa. Wasu su mayar da amoniyar zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai taru ba. Kafin wannan runduna ta kafu ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma a wannan tsakanin ne sababbin shiga da yawa ke kashe kifayensu su haƙura da harkar baki ɗaya. Wanda ya tsallake wannan siraɗi ya riga ya mallaki abin da ya fi komai wuyar samu. In zai kafa sabon tanki, sai ya ciro tsohon soso daga matatar da ke aiki ya sa a sabuwa, a gajarta jiran ƙwarai. Tsirran ruwansa sun yi yawa yana yankewa yana zubarwa, ga iri kyauta. Yana da tiyo, da bokiti, da raga, da kwalaben gwajin ruwa. Masu tankuna da yawa ma sukan sa famfon iska babba guda ɗaya, su ja siraran tiyo zuwa kowane tanki mai matatar soso, a ƙasashe masu sanyi kuma su ɗumama ɗakin gaba ɗaya maimakon sa hita a kowanne. Kuɗin da za a kashe a kan kowane ƙari yana ta raguwa, don haka tanki na takwas ba ya sa mutum dogon tunanin da na farko ya sa shi.

Kasuwa da ƙungiyoyi suna ƙara wa wutar itace. Tun asali arahar gilashi ce ta buɗe wannan ƙofa. A 1845 aka soke harajin gilashi a Birtaniya. A 1850 wani masanin sinadarai, Robert Warington, ya bayyana yadda tsirrai da kifi za su rayu tare a rufaffen ruwa. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, shekara ɗaya bayan haka kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya sa masu hali a Ingila rububin kafa tankuna a falukansu. Yayin bai daɗe ba ya lafa, domin yawancinsu ba su san yadda ake riƙe ruwan da kyau ba. Daga shekarun 1960, da aka fara manne gilashi da gam ɗin silikon ba tare da firam ɗin ƙarfe ba, tanki ya zama abin da talaka ma zai iya saya ko ya haɗa da hannunsa. Ƙungiyoyin masu kiwo da yawa a Amurka suna ba mambobinsu maki a kan kowane nau'in kifi da suka yi nasarar hayayyafawa, suna kuma yin gwanjon kifi da tsoffin kaya. Wanda ke neman maki, kowane sabon nau'i sai ya nema masa muhalli.

Duk waɗannan dalilai ne da za a iya karewa. Akwai kuma wanda mutane ba su cika son faɗa ba, shi ne cewa daɗin harkar ya fi taruwa a farkonta. Zaɓen duwatsu, jujjuya wani busasshen saiwar itace har a sami gefen da ya fi kyau, dasa tsirrai ɗaya bayan ɗaya da ɗan matsefi, zuba ruwa a hankali a kan faranti don kada yashi ya tashi, jiran ranar da ruwan zai washe, sakin kifin farko. A nan zuciya ke bugawa. Bayan wata shida tanki ya daidaita, abin da ya rage shi ne ciyarwa, goge gilashi da canjin ruwa. Mutumin nan ɗan Jafan, Takashi Amano, wanda ya rayu daga 1954 zuwa 2015, ya mayar da tsara tanki wata fasaha ta zana daji da tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. Kamfaninsa ya fara gasar duniya ta wannan fanni a 2001, kuma aikinsa na ƙarshe babba, wani tanki mai tsawon mita 40, a gidan kifaye na birnin Lizbon na ƙasar Fotugal ya kafa shi a 2015. Tun daga lokacin, da zuwan YouTube da Instagram, mai kiwo kullum yana ganin sabon tsari da ya fi nasa, kuma abin da ake nunawa shi ne ranar kafawa da ranar da tsirrai suka cika. Ba a cika ɗaukar hoton ranar wanke soso ba. Wanda ya taɓa kiwon tantabaru ya san wannan yanayin: ka fara da aure ɗaya, ka ga wani launi a hannun abokinka, ka ƙara tukunya, har ta kai ba ka san wacce ce ta yi ƙwai wacce ce ta ɓace ba.

To ina iyakar? Mutane sukan auna da kuɗi da fili, amma abin da ke fara ƙarewa shi ne lokaci da ƙarfin jiki. A ɗauki tanki mai lita 100 da ake canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansa duk mako, lita 25 ke nan, jarka ɗaya. Tanki goma, jarka goma a zubar, jarka goma a zuba, kowacce a cire mata kulorin in ruwan famfo ne, a daidaita ɗuminta. A haɗa da zuƙe dattin ƙasa, datse tsirrai, duba kowane kifi ko ya ci abinci. Abin da ake yi cikin minti talatin ya koma cinye yinin hutu. Sa kai ya fi bauta ciwo. Ga nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 200 da gilashinsa da yashi da duwatsu yakan kai wajen kilo 250, kuma kanta mai hawa uku a bene abu ne da sai an yi lissafi.

Ga mai kiwo a Kano ko Yamai ko Maiduguri akwai ƙarin abin dubawa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A digiri 20 lita ɗaya kan riƙe kusan miligiram 9 na iskar da kifi ke shaƙa, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Idan aka ɗauke wuta da tsakar ranar bazara, famfo ya tsaya, za ka ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, bakteriyar da ke cikin matata ma ta fara mutuwa in abin ya yi tsawo. Tanki ɗaya ko biyu ana iya ceto su da ɗan famfo mai batir. Tanki goma sai da sola ko janareta, kuma wannan lissafin ya kamata a yi shi tun kafin a sayi gilashin.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke biyan bashin idan tankuna suka fi ƙarfin mai su. Ba sabon tankin ne ke shan wahala ba, shi hankali na kansa. Tsohon ne, wanda ya daidaita har aka amince da shi. Akan tsallake masa canjin ruwa mako ɗaya, sai biyu, sai a koma ƙara ruwa kawai a cike gurbin wanda ya ƙafe. Naitiret ya riƙa taruwa, ma'adinan da ke hana ruwa tsami su ƙare, tsami ya hauhawa. Kifayen ciki suna sabawa a hankali, don haka ba a ganin komai, sai dai launinsu ya dushe, girmansu ya tsaya. Ranar da aka sa sabon kifi ya mutu cikin kwana ɗaya, ko aka tuna aka canja ruwa mai yawa lokaci guda tsoffin suka kife, ranar ake gane an daɗe da yin sakaci. Kifin zinariya da aka kula da shi yana iya shekara ashirin, har an taɓa samun wani a Ingila da ya kai 43. Wanda ya saye shi ya ɗauki amanar shekaru ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan gajiya ta kai maƙura wasu sukan ɗauki mafi munin hanya, su je su juye kifin a kogi ko tafki suna ganin tausayi suka yi. Kifin zaki mai ƙayoyin dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, ana kuma kyautata zaton daga tankunan mutane ya fito. Yau ya mamaye tekun Karebiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin. Kifin nan mai tsotsar gilashi ya yi irin wannan ɓarna a kogunan Meziko da Tekzas da wasu ƙasashen Asiya, yana haƙa ramuka a gaɓa yana cika komar masunta.

Amma yawan tankuna a hannun mai haƙuri ya taɓa ceto abin da da ya ɓace. Bayan an saka giwan ruwa a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ta yi yawa a shekarun 1980, an ƙiyasta kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace ko sun kusa, kuma wasunsu a tankunan gidajen kallo da na masu sha'awa aka ci gaba da riƙe su. A Meziko akwai wani ɗan kifi mai suna tekila, mai jan layi a bakin wutsiya, wanda ya ƙare a kogin Tewucitlan. A 1998 wani Bature mai kiwon kifi don sha'awa, Ivan Dibble, ya kai wa jami'ar Micowakan aure biyar daga gidan namun daji na Cesta da ke Ingila. An yi shekaru ana hayayyafa su, daga baya aka mayar da su koginsu, kuma sun ci gaba da haihuwa a can. Irin waɗannan mutane tankunansu ba su da wani ado, soso ne da ɗan ganye da takarda manne a gilashi mai ɗauke da sunan nau'i da wurin da ya fito. Kowane tanki an san aikin da yake yi.

Shi ya sa idan wani ya ce mini zai ƙara tanki, abin da nake so in ji shi ne wane kifi ne ke buƙatarsa, da kuma halin da tsofaffin ke ciki a yau. In ruwansu na samun canji a kan lokaci ko a makon da aiki ya yi yawa ko rashin lafiya ta zo, ya ƙara, Allah ya ba da sa'a. In kuwa abin da ke ransa shi ne daɗin tsarawa, zai iya kwashe tsohon tankin ya sake masa fasali, ko ya ba wani abokin harka kifayen da ya gaji da su ya juya tankin ga abin da yake so yanzu. Na killacewa kuma, tunda shi ne wanda aka fi cikawa da kifi a manta da dalilin sayensa, dabarar masu gogewa ita ce su ajiye shi a bushe a ɗakin ajiya, ko ma su yi amfani da babbar roba mai tsabta, su bar soso guda yana aiki a bayan babban tanki. Ranar da sabon kifi ya zo ko wani ya kamu da ciwo, a ɗauko robar, a zuba ruwa, a sa soson, in an gama a wanke a shanya a mayar.